Idan furogiram ɗin C++ ya ƙi ɗauko kaya daga fayil zuwa jeri: yadda ake bin sawun kuskuren

Ɗan yayata yana karatun kwamfuta a jami'ar Ngaundare, can Dang. Da aka ba su hutu ya iso Garwa da wani aiki da malaminsu ya ba su: a rubuta furogiram da C++ wanda zai karanta fayil, ya mayar da kowane layi abu guda, ya jera su cikin jeri mai faɗaɗa, wato abin da suke kira "tablo dinamik" a aji. Shi kuma ya ce bari ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ya yi wa mahaifinsa lissafin buhunan hatsin da ke shagonsa na kasuwa. Fayil ɗin layi 40 ne. Furogiram yana nuna 41, na ƙarshen ba suna, buhun masara ya koma sefa 18, wani lokacin kuma baƙin allon ya rufe da lambar nan mai ban haushi, 0xC0000005.

"Kawu, kwana uku ina sake rubuta jerin nan, har yanzu shiru," in ji shi.

Na ce masa, "Ɗana, ka taɓa kallon abin da ke shigowa daga fayil ɗin da idonka?" Bai taɓa ba. Nan ne gizo ke saƙar. Tsakanin fayil da jeri akwai zango biyar: buɗewa, karanta layi, fasa layin gida-gida, mayar da rubutu lamba, sai ajiyewa. Mai koyo yakan zargi zango na ƙarshe domin a nan furogiram ke mutuwa, alhali cutar tun daga baya ta taso. Ga yadda muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma haka nake ba kowa shawara ya bi.

Fayil ɗin da za mu yi aiki da shi, kaya.csv, ga kamanninsa. Farashin na misali ne kawai:

```
Masara;120;18000
Gyada;45;32500
Shinkafar Yagwa;60;27000
Muskuwari;80;21000
```

Abin da za mu zuba kowane layi a ciki kuma:

```
struct Kaya {
    string suna;
    long long buhu = 0;
    long long farashi = 0;
};
```

Mataki na farko: ya ma buɗu kuwa?

`ifstream` ba ya ihu idan bai sami fayil ba. Shiru yake yi, duk karatun da ya biyo baya ya faɗi cikin shiru, kai kuma ka ga jeri fanko ko cike da lambobi marasa kan gado. Saboda haka layin da ke bin buɗewa ya zama tambaya:

```
ifstream f("kaya.csv");
if (!f) {
    cerr << "Fayil bai budu ba. Ina nema a: "
         << filesystem::current_path() << "\n";
    return 1;
}
```

`filesystem` ya shigo ne a C++17, don haka sai ka gaya wa kompaila, wato manhajar da ke mayar da abin da ka rubuta furogiram mai gudana, `-std=c++17`. Amfaninsa shi ne ya faɗa maka babban fayil ɗin, wato folda, da furogiram ke tsaye a ciki lokacin da yake nema. Code::Blocks, manhajar da ake rubuta furogiram a cikinta, yana ajiye furogiram ɗin da ya haɗa a cikin bin\Debug, amma idan ka kunna shi daga cikin manhajar, a babban fayil ɗin aikin yake neman kaya.csv. Ka je bin\Debug ka danna shi da hannu, sai ya nema a can. Shi ya sa abu ke aiki a wurinka, ya ƙi a kwamfutar malam.

Wasu tarkuna biyu, a gurguje. Windows yana ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai ka ga "kaya.csv" alhali sunansa na gaskiya kaya.csv.txt. Sannan idan ka rubuta hanya kamar "C:\nawa\tsari.csv", kompaila zai ɗauki `\n` a matsayin sabon layi, `\t` kuma tazara. Ka ninka sandar, `\\`, ko ka yi amfani da `/`, Windows yana karɓa.

Mataki na biyu: kalli ɗanyen layin kafin ka taɓa shi

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne biya. Ka rufe duk maganar jeri na ɗan lokaci. Ka bar wannan kaɗai:

```
string layi;
int n = 0;
while (getline(f, layi)) {
    n++;
    cout << n << " [" << layi << "] " << layi.size() << "\n";
}
```

Bakan nan biyu da ke kewaye da layin su ne shaidunka, lambar ƙarshe kuma tsawonsa. Ƙirga da yatsa: "Masara;120;18000" harafi 16 ne. Idan allo ya ce 16, madalla. Idan ya ce 17 ko 19, ruwa ba ya tsami banza, akwai baƙon da ido ba ya gani.

Na 17 yawanci alamar ƙarshen layi ce. Windows yana rufe layi da bait biyu (bait shi ne 'yar lambar da kwamfuta ke ajiye harafi da ita), 13 da 10, Linux kuma da 10 kaɗai. Furogiram da ke gudana a Windows yana haɗiye 13 ɗin da kansa idan an buɗe fayil a matsayin rubutu. Amma ka ɗauki fayil ɗin a kan ɗan fulash ka kai ɗakin kwamfuta inda aka sa Ubuntu, sai 13 ya manne a wutsiyar kowane layi. Za ka gane shi da wata alama mai ban dariya: bakan rufewa zai yi tsalle ya koma farkon layi ya taka lambar da ke can.

Na 19 kuma a layin farko kaɗai yake bayyana. Idan aka adana fayil daga Excel da zaɓin CSV UTF-8, manhajar tana sa bait uku a gaba, EF BB BF, domin ta nuna tsarin haruffan. Ido ba ya ganin su a Notepad. Amma idan layinka na farko lamba ce, misali adadin kayan da ke fayil, to karatun lambar zai faɗi tun daga bakin ƙofa. Idan suna ne, "Masara" ɗin da ke jeri ba zai taɓa yin daidai da "Masara" da ka buga kana nema ba.

Don ka ga baƙon ƙuru-ƙuru, buga bait ɗin:

```
for (unsigned char c : layi) printf("%02X ", c);
printf("\n");
```

A nan mu masu rubuta Hausa muke da namu ƙarin nauyi. A tsarin UTF-8, ƙ, ɗ da ɓ kowanne bait biyu ne: ƙ shi ne C6 99, ɗ shi ne C9 97, ɓ kuma C9 93. Don haka "Gyaɗa" zai ba ka tsawo 6, ba 5 ba, kuma wannan ba kuskure ba ne. Kuskuren yana zuwa ne idan aka adana da tsohon zaɓin CSV na Windows, wanda tsarin haruffansa na Yammacin Turai ya san é na Faransanci amma bai san ɗ ba: sai ya maye gurbinsa da alamar tambaya, kuma babu furogiram ɗin da zai dawo maka da shi. Idan kuma ka ga wasu baƙin alamomi biyu inda ya kamata é ya fito, fayil ɗin lafiya lau yake, baƙin allon Windows ne bai san da UTF-8 ake masa magana ba. Buga `chcp 65001` kafin ka kunna furogiram.

Mataki na uku: zagayen karatu, inda na 41 ya fito

Ga abin da yaron ya rubuta, kuma ba shi kaɗai ba, kusan duk wanda ya koyi C++ ya taɓa rubuta shi:

```
while (!f.eof()) {
    getline(f, k.suna, ';');
    f >> k.buhu;
    f.ignore();
    f >> k.farashi;
    f.ignore();
    jeri[adadi++] = k;
}
```

A ido kamar daidai ne: muddin ba a kai ƙarshe ba, a ci gaba. Amma `eof()` ba boka ba ne, ba ya duba gaba. Labarin abin da ya riga ya faru yake bayarwa. Kamar mai ɗiban hatsi a buhu cikin duhu ne: ba zai san buhu ya ƙare ba sai ya zura kwano ya fito wayam. Bayan an karanta layi na 40 da alamar ƙarshen layinsa, ba wanda ya zura kwano tukuna, `eof()` yana cewa da saura. Sai a shiga zagaye na 41. `getline` ya share sunan, ya nemi harafi bai samu ba, ya faɗi. Karatun lambobin biyu ba su ma fara ba tunda rafin karatun, wato `f`, ya riga ya lalace, saboda haka `buhu` da `farashi` suna riƙe da na layi na 40. Sai a zuba wannan gawar cikin jeri: ba suna, lambobin maƙwabci. Da a ce da `>>` kaɗai aka karanta duka ukun, sunan ma ba zai goge ba, sai ka ga layin ƙarshe ya fito sau biyu cif.

Akwai wadda ta fi wannan muni. A ce a layi na 12 wani ya rubuta "hamsin" a gurbin 50. `>>` ya ci karo da harafi inda yake jiran lamba, ya ɗaga tutar gazawa, kuma tun daga C++11 yana zuba sifili a wurin. Daga nan duk wani karatu ba ya motsi. Ba a ci gaba, ba a kai ƙarshe, `eof()` ba zai taɓa cewa eh ba. Zagaye ya ci gaba har abada yana cusa abu ɗaya a jeri. Idan jerin mai faɗaɗa ne, ya cinye memorin kwamfuta har fanka ta fara kuka. Idan ba ya faɗaɗa, ya fasa iyaka furogiram ya mutu. Kai kuma ka tafi kana zargin jeri.

Maganin: karatun kansa ya zama sharaɗin zagaye. `while (getline(f, layi))` yana karantawa, sannan ya tambaya ko an samu, sannan ya shiga. Gazawa ko ƙarewa, duk suna tsayar da shi.

Ƙanwar wannan matsala ita ce haɗa `>>` da `getline`. Malamai suna son fayil mai adadi a layin farko. Ka karanta shi da `f >> adadi`, ya ɗauki 40 ya tsaya, ya bar alamar ƙarshen layi a bakin rafi. `getline` na farko ya zo ya tarar da ita, ya dawo maka da layi fanko, komai ya goce da layi ɗaya. Ana gyara shi da `f.ignore(numeric_limits<streamsize>::max(), '\n')` bayan karanta lambar. Ni dai ra'ayina, kada ma ka haɗa su. Fayil a karanta shi da `getline` kaɗai, layi-layi, sauran aikin a yi shi a kan layin da ke hannu. Ta haka layi ɗaya da ya lalace ba ya shafar na bayansa, kuma kana da lambar layin da za ka nuna wa mai shago.

Mataki na huɗu: fasa layi da mayar da lamba

Yanzu ga asalin buhun masara na sefa 18, kuma wannan ciwo ne namu na wannan yanki. Kwamfutocinmu a Garwa, Marwa da Injamena yawanci a tsarin Faransanci suke. A wannan tsari waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, 12,5 ke nan, don haka Excel ba zai raba gidaje da waƙafi ba, sai da waƙafi mai ɗigo. Dubbai kuma da tazara ake raba su: 18 000. Idan an ƙawata gidan farashi da wannan tazara, haka Excel zai rubuta ta cikin CSV, domin abin da ke bayyane a gida yake fitarwa. Tazarar ma ba irin wadda ka saba bugawa ba ce, ta musamman ce wadda ba ta yanke layi: A0 a tsohon tsari, C2 A0 a UTF-8, wani lokaci siririyarta E2 80 AF. Duba ta da ido ba za ka bambanta ba, sai da buga bait ɗin da muka yi a sama.

`stoll("18 000")` ba ya ƙorafi. Yana karanta 1 da 8, ya ga abin da ba lamba ba, ya tsaya, ya miƙo maka 18 hankali kwance. `stod("12,5")` shi ma 12 zai ba ka, domin furogiram ɗin C++ yana farawa ne da tsarin da ɗigo ke raba ɓurɓushi, ko da kwamfutar Faransanci take ji. Idan kuwa abokin ciniki ya turo fayil daga Yola ko Mubi, inda kwamfuta ke tsarin Ingilishi, abin ya juye: waƙafi ke raba gidaje, farashin kuma ya zo a "18,000" cikin alamun zance. Furogiram ɗaya, fayil biyu, kowanne da nasa hali.

Abin da zai cece ka shi ne ka tambayi `stoll` inda ya tsaya:

```
bool zuwaLamba(const string& s, long long& sakamako) {
    try {
        size_t tsaya = 0;
        sakamako = stoll(s, &tsaya);
        return tsaya == s.size();
    } catch (const exception&) {
        return false;
    }
}
```

Idan bai cinye rubutun duka ba, mun ƙi karɓa. Idan gidan fanko ne ko harafi ne zalla, `stoll` yana jefo ƙorafi, mu kuma mun tare shi. Da wannan, fasa layi ya zama:

```
bool fasaLayi(string layi, Kaya& k) {
    if (!layi.empty() && layi.back() == '\r') layi.pop_back();
    istringstream ss(layi);
    string a, b, c;
    if (!getline(ss, a, ';') || !getline(ss, b, ';')
        || !getline(ss, c, ';')) return false;
    k.suna = a;
    return zuwaLamba(b, k.buhu) && zuwaLamba(c, k.farashi);
}
```

Lura cewa "Shinkafar Yagwa" mai tazara a tsakiya ta shigo lafiya. Da `>>` ne, da "Shinkafar" kaɗai zai ɗauka, ya bar sauran ya toshe hanyar lamba.

Game da tazarar dubbai, hanya mafi sauƙi ita ce a koma Excel a cire ƙawar daga gidan farashi a sake adanawa. Kana iya rubuta abin da zai tace ta, amma kada ka yi tacewa ta makanta wadda ke zubar da duk abin da ba lamba ba: 12,5 zai koma 125, an gudu ba a tsira ba.

Me ya sa `long long` ba `int` ba? `int` yana tsayawa a 2,147,483,647. Sefa kuɗi ne mai yawan sifili. Jimillar kayan babban ɗan kasuwa ko ƙungiyar manoman albasa a shekara tana iya wuce nan, sai ka ga jimilla ta koma ƙasa da sifili. `long` ba zai cece ka a Windows ba, girmansa ɗaya da `int` a can.

Mataki na biyar: yanzu ne jeri ya shigo magana

Jeri mai faɗaɗa abu uku ne da dole su tafi tare: manunin da ke nuna inda kayan suke a memori, adadin abin da aka zuba, da girman wurin da aka kama. Ka ɗauke shi kamar sito: `girma` shi ne buhu nawa siton zai ɗauka, `adadi` kuma buhu nawa ke ciki yanzu. Idan ya cika, ba a fasa bango. Sabon sito ake kamawa mai girma, a kwashe kaya, a mayar da makullin tsohon.

```
void kara(Kaya*& jeri, int& adadi, int& girma, const Kaya& k) {
    if (adadi == girma) {
        int sabo = (girma == 0) ? 4 : girma * 2;
        Kaya* sabonJeri = new Kaya[sabo];
        for (int i = 0; i < adadi; i++) sabonJeri[i] = jeri[i];
        delete[] jeri;
        jeri = sabonJeri;
        girma = sabo;
    }
    jeri[adadi++] = k;
}
```

Layi goma ne da 'yan kai, amma kusan kowanne yana da ramin da mutane ke faɗawa.

Mafi wuyar ganewa shi ne ɗan `&` ɗin da ke bayan `Kaya*`. Nan ne 0xC0000005 na ɗan yayata ya ɓuya. Idan babu shi, fankshan ɗin kwafin manuni yake karɓa. Ya kama sabon sito, ya kwashe kaya, ya rushe tsohon, ya rubuta sabon adireshi a kan kwafin, ya fita, kwafin ya mutu da shi. `main` yana nan riƙe da adireshin siton da aka rushe. Abin da ke ruɗa mutum shi ne ba kullum yake mutuwa nan take ba: memorin da aka saki yana iya riƙe tsohon kayan na ɗan lokaci, sai furogiram ya yi aiki yau, gobe ya faɗi. Hanyar kama shi: buga adireshin, `cout << jeri`, a ƙarshen fankshan da kuma a `main` bayan an dawo. Idan sun bambanta, ka kama ɓarawo.

Sauran ramukan: `i <= adadi` a zagayen kwafi yana taɓa gida ɗaya bayan iyaka, domin jeri mai gida 4 daga 0 zuwa 3 yake. Farawa da `girma` sifili ana ninkawa ba tare da sharaɗin nan ba, sifili sau biyu sifili ne. `delete` ba tare da `[]` ba a kan abin da aka kama da `new[]` yana lalata memori, a Windows yakan fito da 0xC0000374. Mantawa da `girma = sabo` yana sa `adadi` ya tsallake `girma`, daga nan ba za su sake yin daidai ba, jerin ba zai ƙara faɗaɗa ba, zubi ya ci gaba a bayan iyaka. Wanda kuma ya fito daga darasin C da `malloc`, `realloc` da `memcpy` a hannu, ya ajiye su a ƙofa: `string` abu ne mai nasa tsari a ciki, `malloc` ba ya gina shi, `memcpy` kuma kwashe shi yake ba bisa ƙa'ida ba. Ko wani manuni da ka ajiye yana nuna `jeri[2]`, da zarar an faɗaɗa ya zama adireshin kango.

Idan malam ya hana `string`, ya ce sunan ya zama `char*` da kai za ka kama masa wuri, to `sabonJeri[i] = jeri[i]` adireshin sunan kaɗai zai kwafa. Abu biyu suna nuna suna ɗaya. `delete[] jeri` ya kira mai rushewa (destructor), wato fankshan ɗin da ke sakin memorin abu idan ya mutu, ya saki sunan, sabon jerin ya rage da adireshin banza, a ƙarshe a sake sakin wuri ɗaya sau biyu. A Linux za ka ga saƙo mai ɗauke da "double free". Ƙa'idar ita ce: duk `struct` ko `class` da ke buƙatar mai rushewa na kansa yana buƙatar mai ginin kwafi (copy constructor) da alamar `=` na kansa, su uku tare suke tafiya.

Wata dabara da nake so: lura da inda yake mutuwa. Da girman farko 4 ana ninkawa, faɗaɗawa tana faruwa a abu na 5, na 9, na 17, na 33. Idan furogiram yana faɗuwa daidai waɗannan wurare, ba fayil ba ne, faɗaɗawa ce. Idan yana faɗuwa a layi na 23, ka koma ka kalli layi na 23. Lokacin gwaji ma ka mayar da girman farko 1, domin faɗaɗawa ta yi ta faruwa, kuskurenta ya fito da wuri. Mai fara da 100 yana gwaji da layi 40 bai taɓa gwada ta ba ko sau ɗaya.

Ninkawar ma da dalili. Idan gida ɗaya kake ƙarawa kowane zubi, abu 1,000 zai ci kwafi 499,500. Ninkawa daga 4 kwafi 1,020 kawai take ci.

Wasu sun fi son su ƙirga layukan da farko, su kama wuri daidai, sannan su sake karantawa. Ba laifi, amma bayan zagayen ƙirga rafin yana ɗauke da tutar gazawa. Sai ka kira `f.clear()` sannan `f.seekg(0)`, a wannan tsari. Ka manta na farkon, karatu na biyu ba zai kawo ko harafi ba, ka sami jeri mai gida 40 duk fanko.

Haɗa su, da kayan aikin farauta

```
Kaya* jeri = nullptr;
int adadi = 0, girma = 0, lambarLayi = 0;
string layi;
while (getline(f, layi)) {
    lambarLayi++;
    if (lambarLayi == 1 && layi.rfind("\xEF\xBB\xBF", 0) == 0)
        layi.erase(0, 3);
    if (layi.empty() || layi == "\r") continue;
    Kaya k;
    if (!fasaLayi(layi, k)) {
        cerr << "Layi " << lambarLayi << " ya lalace: ["
             << layi << "]\n";
        continue;
    }
    kara(jeri, adadi, girma, k);
}
cout << "Layi " << lambarLayi << ", an ajiye " << adadi << "\n";
delete[] jeri;
```

Kada ka gwada shi da fayil ɗin shago kaɗai. Yi ƙananan fayiloli da hannu: wanda ba komai a ciki, mai layi ɗaya, wanda layinsa na ƙarshe ba a danna Enter ba, mai layuka fanko a ƙasa, da wanda aka yanke a tsakiyar layi, irin abin da ɗaukewar wuta ke bari idan ta zo ana cikin adanawa. Idan fayil mai layuka da yawa ne ke kashe shi kuma ba ka san ina ba, raba shi biyu, gwada kowane rabi, ka sake raba wanda ya faɗi. Layi 1,000 ba zai wuce rabawa 10 ba.

Kompaila ma yana da bakin magana idan ka ba shi dama: sa `-Wall -Wextra -g` kullum, ka karanta gargaɗin. A Linux ƙara `-fsanitize=address`; da zarar ka taɓa gidan da ba naka ba ko wanda aka saki, zai tsayar da furogiram ya faɗa maka layin da aka taɓa, layin da aka saki, da layin da aka kama wurin. Valgrind ma yana wannan aiki a Linux. GCC ɗin da ke zuwa da Code::Blocks a Windows ba ya ɗauke da na farkon, sai dai ka bi ta WSL, wato Linux da ake kunnawa a cikin Windows, ko ka yi da abin da ke hannu: F5 a layin `kara` ya sa wurin tsayawa, F8 ya fara, F7 ya taka layi ɗaya, kana kallon `adadi`, `girma` da `jeri` a tagar masu sa ido. Sai dai aikin ya kasance cikin furojet, ba fayil guda da aka buɗe kawai ba.

Idan ba aikin makaranta ba ne, `vector<Kaya>` yana yin duk abin da `kara` ke yi, `push_back` ɗaya ya wadatar, `.at(i)` kuma yana ƙorafi idan ka wuce iyaka. Amma `vector` ba zai gyara maka `eof()` ba, ba zai cire EF BB BF ba, kuma buhun masara zai ci gaba da zama sefa 18 a cikinsa.

Da muka kunna sabon furogiram a kan fayil ɗin shago bayan an cire tazarar dubbai, ya ce layi 40, an ajiye 39, ya nuna layi na 23: sunan wake yana nan, farashi yana nan, tsakanin waƙafi mai ɗigo biyu ba komai. Yaron ya kira mahaifinsa a waya.

"Baba, wake buhu nawa ya rage a sito?"

Aka ce masa ba a ƙirga ba tukuna, sai gobe bayan sallar asuba idan yaran shago sun buɗe.